Yadda Ake Gina Gareji da Wurin Gyaran Injinan Noma Daban da Gida

Sau da yawa ƙungiyar manoma za ta yi shekara biyu tana tara kuɗi, ko ta ci bashi ta sayo tarakta, amma ranar da taraktar ta iso sai a ga ba wanda ya yi tunanin inda za ta kwana. Sai a kai ta gindin darbejiyar ƙofar gidan shugaba. Rana ta gasa tayoyi har su fara tsattsagewa, ƙurar hunturu ta cika matatar iska, ɓera ya shiga ya tattauna wayoyi, yara su mayar da kujerar direba wurin wasa. Wata safiya kuma a tashi babu batir. Haka abin yake ga mai injin huɗa na hannu, da mai injin ban ruwa, da mai a-kori-kura ko keken ɗaukar kaya.

A Amurka da Turai akwai masu sha'awar tsofaffin motoci da ke gina gareji na musamman a bayan gida, wanda bai haɗa bango da ɗakunan kwana ba, don su riƙa gyara motocinsu a lokacin hutu. Su nishaɗi suke yi, mu abincinmu ne. Amma dalilin raba ginin da gida ɗaya ne: mai, wuta da hayaƙi ba sa zama inda mutane ke barci.

Me ya sa sai an raba shi da gida

Babban dalili shi ne hayaƙin inji. A cikin hayaƙin fetur, musamman na janareto da injin ban ruwa, akwai iska mai guba da ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, ya kwanta, shi ke nan. Kusan kowa ya taɓa jin labarin iyalin da aka wayi gari sun rasu saboda an kwana da janareto a kunne a cikin shago ko soro. Idan gareji ya haɗa bango da ɗakin kwana, ko akwai taga tsakaninsu, hayaƙin zai sami hanya.

Na biyu gobara ce. Inda ake ajiye fetur da gas da baƙin mai, ana kuma walda, wata rana tartsatsi zai faɗa inda bai kamata ba. In ginin yana tsaye shi kaɗai, asarar ta tsaya a kansa. A bar tazarar aƙalla mita 10 zuwa 15 tsakaninsa da ɗakuna da madafa, a ƙara nisa idan akwai rumbu, tarin harawa ko dangar kara a kusa. Amma fa kada a kai shi can bayan gari inda ba ido, domin ɓarawon batir da na famfon mai irin wurin yake so.

Zaɓen fili

Ka je ka duba filin da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ba da rani ba. Duk inda ruwa ya kwanta, ko ya bi ya wuce, a bar shi. Ana son tudu-tudu, ƙasa mai tauri irin ta marmara ko jigawa mai ƙarfi. Ƙasar fadama da baƙar laka mai tsagewa da rani, irin wadda ake kira firgi a Borno, tana kumbura in ta sha ruwa, ta koma ta tsuke in ta bushe, kuma da haka take fasa daɓe da bango. In babu wani filin sai irin wannan, to a kira injiniya ya duba kafin a haƙa harsashi. Kuɗin da za a ba shi bai kai na sake gini ba.

A nisanta daga rijiya da burtsatse kamar mita 30, garejin kuma ya kasance a gangare, ruwan sha a sama. Baƙin mai in ya nutse a ƙasa ya kai ga rijiya, babu yadda za a yi a tace shi.

Sai hanyar shiga. Tarakta mai jan tirela tana buƙatar fili a gaban ƙofa don ta juya, kamar mita 10 zuwa 12. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko filin ya isa ita ce a kafa turaku inda bango zai tsaya, a sa direba ya shiga ya fita da tirela a ɗaure. In ya ture turke, gara yanzu da ranar da zai ture bango.

Wajen fuskantar da ƙofa, a bi abin da maginan gargajiya suka daɗe da sani. A ƙasar Hausa hadari da guguwar farkon damina daga gabas suke tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowane cin ruwa. Hunturu kuma daga arewa maso gabas yake kwaso ƙura. Ƙofar da ke kallon yamma tana shan zafin rana daga azahar har la'asar sakaliya. Don haka in fili ya ba da dama, babbar ƙofa ta kalli kudu.

Takardu

Wannan ya fi shafar ƙungiyoyi. Kada a yi gini da kuɗin jama'a a filin mutum ɗaya bisa alkawarin baki, ko da shi ne shugaba, ko da mutumin kirki ne. Mutum yana mutuwa, magada kuma ba su san da alkawari ba. A rubuta ko saye ne, ko kyauta, ko haya ta shekara nawa, da sunan ƙungiya, da sa hannun shaidu da mai unguwa ko dagaci. A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallakar fili a karkara. A cikin birni kuwa sai an nemi izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. A Jamhuriyar Nijar, hukumomin kula da filaye na ƙauye da na gunduma, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta kafa, su ne ke ba da shaidar cinikin fili.

Girman ginin

Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna inji kawai, a manta da wanda zai yi aiki a kansa. Tarakta irin Massey Ferguson 375 da ta cika ƙasar nan, tsawonta bai kai mita 4 ba, faɗinta wajen mita 2, tsayinta har bakin salansa kusan mita 2 da rabi. Amma da an ɗaura mata haro ko garma a baya, tsawon ya ƙaru sosai. Ka auna taka da abin da ta saba ja, sannan ka ƙara mita ɗaya a kowane gefe don bakanike ya sami wurin durƙusawa da cire taya, da mita ɗaya da rabi a ƙuryar ciki don teburin aiki.

Ga ƙungiya mai tarakta ɗaya da 'yan ƙananan injina, gini mai faɗin mita 6 da tsawon mita 9 ya wadatar, bango ya tashi mita 3.6. Ƙofa ta yi faɗin mita 3.6 da tsayin mita 3 ko sama da haka, saboda wata rana za a iya samun tarakta mai rumfa ko injin casa mai tsayi. Ƙofa ba a faɗaɗa ta cikin sauƙi bayan an zuba linta. Manomi ɗaya mai injin huɗa na hannu, babur da injin ban ruwa, mita 4 da mita 6 ya ishe shi.

A yi ƙaramar ƙofa ta mutum a bango na daban. Tana rage buɗe babba kullum, kuma in wuta ta tashi a bakin babbar, akwai mafita.

Daɓe: nan kuɗin yake

In za a yi tsimi, a yi shi a bango ko a fenti, kada a yi shi a daɓe. Taraktar da muka ambata nauyinta ya haura tan 2, kuma idan aka ɗaga ta da jak, nauyin yana taruwa ne a wuri ɗaya da bai fi tafin hannu ba. Daɓen ɗaki na inci 2 nan take zai farfashe. Wani abin kuma, in kulocin irin wannan tarakta ya lalace, sai an raba ta gida biyu, a gangara da rabi gaba a kan jak mai taya. Wannan aikin ba ya yiwuwa lafiya a kan ƙasa mai rairayi ko daɓe mai tudu da kwari. Duk bakaniken da ya taɓa neman ƙaramin noti a cikin turɓaya ya san darajar daɓe.

Ga yadda ake yi. A kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da taki gaba ɗaya. A cike da burji ko marmara, amma ba a zuba gaba ɗaya ba: a zuba kaurin inci 6, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai, sannan a ƙara wani. Cikon da ba a daddaɓe ba shi ne ke zaunawa daga baya ya bar rami a ƙarƙashin kankare. A fesa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri don hana danshi tasowa, a ɗora ragar ƙarfe a kan 'yan duwatsu yadda za ta zauna a tsakiyar kankaren, kada ta kwanta a ƙasa. Kaurin kankare ya zama inci 6, wato santimita 15. In ƙananan injina ne kawai, inci 4 ya isa.

Haɗin shi ne 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A lissafin leburori, buhun siminti mai kilo 50 kwano biyu ne, don haka buhu ɗaya yana cin kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Yashin ya zama mai kaifi na rafi, marar laka. Daɓen mita 6 da mita 9 a wannan kauri zai ci siminti wajen buhu 50, ban da na harsashi da na ɗora bulo. Idan wani ya ce zai yi maka shi da buhu 25, ka san ko kauri ya rage ko yashi ya ƙara. Araha ba ta ado. Ranar zubawa a sa mutum biyu na ƙungiya su tsaya suna ƙirga buhuna, su kuma hana leburori cika ruwa. Kankare mai ruwa-ruwa yana da daɗin zubawa, amma ba shi da ƙarfi.

Daɓen ya ɗara ƙasar waje da kamar taƙi ɗaya, ya ɗan karkata zuwa ƙofa, santimita ɗaya a kowace mita, don ruwan wanki ya fita da kansa. A bakin ƙofa a yi gangara ta kankare mai sauƙin hawa. A tsaga layi marar zurfi kowace mita 3 zuwa 4, domin kankare dole ya tsage, gara ya tsage inda aka zaɓa masa. Kada a goge saman ya yi sulɓi kamar na falo. In mai ya zuba a kai, santsi zai kayar da mutum.

Sai shayarwa, wadda mutane ke rainawa. Kankare ba bushewa ce ke ba shi ƙarfi ba, ruwa ne. A rufe shi da tsofaffin buhunan algarara ko yashi, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7 aƙalla. Da hunturu a ƙara kula, don iskar tana shanye ruwan cikin sa'o'i kaɗan. Babur zai iya shiga bayan mako ɗaya, amma tarakta ta jira kwana 28.

Bango da rufi

Bulo inci 9 ake so. Bango na cin bulo kusan 10 a kowace murabba'in mita, don haka ginin da muka misalta zai ci wajen bulo 1,100 har da na harsashi da wanda zai fashe. Kafin ka saya ka karce bulon da ƙusa. In yana zubar da yashi kamar gari, ka canja gidan bulo. A zuba ginshiƙan kankare da rodi a kusurwoyi huɗu, da tsakiyar dogayen bangaye, da gefe biyu na babbar ƙofa. Ƙofar ƙarfe mai nauyi a jikin ginshiƙi ake kafa ta, in aka kafa a jikin bulo za ta tumɓuke shi. Lintar da za ta haye mita 3.6 ba irin ta tagar ɗaki ba ce, a bar wanda ya san aikin ya faɗi yawan rodi da kaurinta.

Wanda ba shi da ƙarfin bulo zai iya yin tubalin ƙasa, in dai an ɗora shi a kan harsashin siminti da ya ɗaga sama, an kuma yi rufi mai baki da faɗi. Ginin ƙasa ma ya fi sanyi.

Rufi kwano ne, a kan ƙarfe in da hali, domin gara ba ta cin ƙarfe, wuta kuma ba ta saurin kama shi. In katako ne a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗauri. Gini mai babbar ƙofa, in iska ta shiga ta cika shi, daga ciki take ɗaga rufin. A bar rodi ya fito daga cikin kankaren saman bango a naɗe katakon ko a yi masa walda da ƙarfen. Jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano ba ɗauri ba ne. Bakin rufi ya fito kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya, a sa indararo ya kai ruwa tanki. Ga ruwan wankin inji kyauta.

Kada a toshe tsakanin bango da rufi. A bar tazarar taƙi ɗaya ko biyu, a rufe da ragar ƙarfe don tsuntsu da ɓarawo. Zafi da hayaƙi ta nan za su fita. A ƙasa kuma, kusa da daɓe, a sa bulo mai huji a bangaye biyu masu kallon juna, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Duk da haka, ba a barin inji yana aiki a ciki ƙofa a rufe.

Ramin gyara: a yi ko a bari?

Mutane da yawa suna ganin gareji bai cika ba sai da rami. A ganina yawancin ƙungiyoyi ba sa buƙatarsa. Tarakta tana da tsayi, ana shiga ƙarƙashinta ba tare da rami ba. Rami kuwa yana tara ruwa da damina, yana tara tururin fetur, maciji da kunama na samun maɓoya, yaro ko akuya na iya faɗawa. Sai dai in akwai mota ko a-kori-kura da ake yawan yi wa aiki. A nan ma gara a gina tudun hawa biyu na kankare a waje, mota ta hau a shiga tsakaninsu.

Kuɗin ramin a sayi sarƙar ɗaga inji mai ɗaukar tan ɗaya ko biyu, a sa mai walda ya haɗa mata ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Kada a rataye ta a katakon rufi. A tanadi jak mai kyau da gumagumai na itace mai tauri. Ba a shiga ƙarƙashin inji yana kan jak kaɗai, ba a kuma tokare shi da bulon siminti, domin bulo ba ya gargaɗi, wargajewa yake yi lokaci ɗaya. Haro ko garmar da ke ɗage a bayan tarakta, a sauke ta ƙasa kafin kowa ya sa hannu.

Tsarin ciki

Teburin aiki ya zauna a ƙarƙashin taga, mai tsayin kamar santimita 90, a ɗaure shi da bango. A kafa allon katako a sama, a rataye sifanu da filaya da guduma, a zana siffar kowanne da fenti a bayansa. Da an kalli allon an san abin da bai dawo ba. A ƙungiya wannan ƙaramar dabara tana kashe rigima da yawa. A haɗa da littafi: wa ya ɗauki inji, yaushe, awa nawa ya yi, lita nawa aka zuba, yaushe aka canja baƙin mai da matata.

Mai ba ya kwana a ɗakin da ake walda. A yi masa ɗan ɗaki ko keji mai kulle a waje, cikin inuwa, durom a kan katako. Takin zamani ma kada ya shigo: yana jan danshi, yana sa ƙarfe tsatsa, wani irinsa kuma yana ƙara wa wuta ƙarfi. Maganin feshi da iri da hatsi kowanne da wurinsa daban. Wurin cajin batir ya kasance kusa da taga, nesa da tartsatsi, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji.

Wayar lantarki a saka ta cikin bututu, soket ya ɗaga daga ƙasa sama da mita ɗaya, a kafa sandar ƙarfe ta kariya a ƙasa. Ƙaramar sola ta isa fitilu da cajin waya, amma walda da injin gurza ƙarfe sai janareto ko wutar gari. Janareton a waje zai zauna, salansa na kallon nesa da tagogi.

A bakin kowace ƙofa a ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda. Ba a watsa wa wutar mai ruwa, yaɗa ta yake yi. Tsummokaran da suka sha mai a tara su a garwa mai murfi. Tsohon baƙin mai a zuba a durom a sayar wa masu saye, kada a tuttular a kwata ko a gona.

In kuɗi bai kai ba

Ba dole a gama a shekara ɗaya ba. A fara da daɓe mai kyau da ginshiƙai da rufi, wato rumfa. Wannan kaɗai ya raba inji da rana da ruwa. Shekara ta biyu a tayar da bangon gabas da na arewa, a yi ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe na ajiye batir, kayan aiki da ƙananan injina. Sauran bango da babbar ƙofa su biyo baya. Abin lura kawai shi ne a haƙa harsashin duka tun farko bisa cikakken girman da ake so, don kada a zo ana fasa daɓe daga baya.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan an kai amfani gida, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: akwai ɗan kuɗi a hannu, matasa ba sa gona, motar yashi na iya shiga ko'ina. A yi ƙoƙari a ɗaure rufi kafin ƙarshen Maris, tun guguwar farkon damina ba ta taso ba. Makulli kuma a yi biyu, ɗaya wurin direba, ɗaya wurin ma'aji, a rubuta hakan cikin dokokin ƙungiya tun kafin a sa kwaɗon.